Mai Wanke Kwalabe

Ni Gidado ban taɓa zama jarrabawa ba.
Shekara ashirin da bakwai mabuɗin ɗakin gwaji
na makarantar nan ta Kumo yana aljihuna.
Ina wanke kwalaben da yara suka ɓata,
ina tsintar darasi ta bayan ƙofa
kamar kaza a gindin turmi.

Malama Dija ta rubuta a allo:
wani ƙwace ilaktiron yake, wani bayarwa.
Yara suka duƙufa kwafa, ni na yi murmushi,
don na san halinsu kafin in iya sunansu,
yadda ake gane mutum ran kasuwa
daga irin riƙon da ya yi wa mudu.

Ga famanganet a kwalba mai duhu,
shunayya, kyakkyawa, ba ta san kunya ba.
Ɗiga ta a ruwan ƙarfe mai tsami,
launinta ya ɓace kamar gishiri a miya:
ta karɓe abin da ta zo nema, ta yi gum.
In ɗigon ƙarshe ya bar ja-ja bai gushe ba,
babu sauran mai ba ta. A rufe famfo.

Dayikuromet ruwan goro ne da yunwa,
in ya ƙoshi sai ya koma kore.
Kulorin ba ya sallama,
hancinka ne zai ce maka ya iso;
shi ya lashe shuɗin hannun rigata.
Fulorin, ubansu duka, ban taɓa ganinsa ba,
sunansa kawai muke da shi, can ƙuryar jadawali,
kuma hakan ya ishe ni.

Masu kyauta suna ɗaya kabad ɗin, nesa.
Sodiyam na kwance a ƙarƙashin kananzir
don tafinsa ba ya riƙe komai:
ya ga ruwa, ya miƙa, har ya kama da wuta.
Yerima ya taɓa jefa gutsurensa a kwatami,
wata biyu girarsa ta yi kafin ta dawo.
Tutiya ta fi shi natsuwa.
Tsoma ta a shuɗin ruwan jan ƙarfe,
tana bayarwa tana ramewa,
wanda ta ba wa ya fito ya hau bayanta.

Ba na kwantar da su ɗaki ɗaya.
Mai haɗama da mai sakin hannu,
in sun haɗu da dare, sai 'yan kwana-kwana.

Kakana ya narka tama da gawayi,
bai san gawayin ne ke janye iska daga dutse
ya bar ƙarfe tsirara ba;
zugazugi ya sani, da launin harshen wuta.
Fartanyar da ya ƙera na rataye a zaurena,
iska na karɓar bashinta, ja-ja, kowace damina.

Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai:
wanda ya ƙwace, shi littafi ke cewa ya ragu,
wanda ya bayar, lambarsa ce ta hau.
Na tambaya. Malama ta ce lissafi ne, Baba,
abin da ake ƙwacewar ragi yake ɗauke da shi.
Na ce to.
Sai na tuna wanda ya karɓi kuɗin bututun gas ɗinmu,
mu har yau da risho muke ɗumama ruwa.
Gidansa hawa biyu.
Ban ga ragin ba tukuna, ina dai kallo.

Gobe jarrabawar gwaji.
Na jera kwalabe arba'in, biyu sun tsage.
Shunayyar nan ta bar mini tabo a yatsu,
ruwan ƙasa, ya ƙi sabulu, ya ƙi toka.
Malama ta ce in goga lemun tsami.
Ashe ko a fatar tsoho
sai mai bayarwa ya zo tabon mai ƙwace ke fita.

Na kulle ƙofa, na ja ta sau biyu.
Bari in biya ta bakin tasha
kafin mai lemun ya tashi.